Daga Borsar Iskandariyya zuwa Dokki: Audugar Masar da Tarihin Lissafin Farashin Zaɓi

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun tambaya guda a tarihi: nawa ne kuɗin 'yancin saye ko sayar da haja nan gaba a farashin da aka yanke tun yau? Ta ɗauki cinikin audugar Masar a matsayin fagen nazari, ta gwama shi da hanyoyin lissafi da suka bayyana a Turai da Amurka tsakanin 1900 da 2001. Matsayarta ita ce, farashin zaɓi shi ne abin da mai bayar da shi zai kashe wajen kare kansa a kasuwa, kuma kotunan Masar sun yi hukunci a kan wannan tushe a lokacin da masana lissafi ba su gama tsara shi ba.

1.0 Gabatarwa

A unguwar Dokki da ke yammacin kogin Nilu, a lardin Giza, ginin Ma'aikatar Aikin Gona ta Masar yana maƙwabtaka da Gidan Tarihin Noma. An buɗe gidan a 1938 a fadar Gimbiya Faɗima, 'yar Khedive Isma'il, wadda ta ba da fili da gwala-gwalanta don gina jami'ar da ake kira Jami'ar Alƙahira a yau. A harabar gidan akwai sashe na musamman da aka keɓe wa auduga, inda ake nuna ire-irenta da matakan da take bi daga gona zuwa masaƙa. Farashi kuwa ba ya shiga akwatin gilashi, alhali shi ne ya fi kowane abu juya rayuwar manomin Masar na tsawon fiye da ƙarni guda.

Maganar ba ta zama tarihi zalla ba. A 2024 Majalisar Ministocin Masar ta lamunce wa manoma mafi ƙarancin farashi: fam 10,000 kan kowane kantar na audugar kudancin ƙasar, fam 12,000 kan ta yankin Delta. Kantar na audugar da ba a gurje ba kilo 157.5 ne. Da kaka ta zo, farashin duniya ya sauka ƙasa da wannan adadi, 'yan kasuwa suka ja da baya a wuraren gwanjo, har gwamnati ta shiga neman kuɗin cike giɓi. A harshen masana kuɗi, abin da aka ba manoma zaɓin sayarwa ne: idan kasuwa ta hau su sayar a kasuwa, idan ta faɗi su sayar a farashin garanti. Irin wannan alkawari yana da kuɗi tun ranar da aka furta shi, kafin a san inda kasuwa za ta dosa. Yadda aka koyi ƙididdige wannan kuɗi shi ne abin da za a duba a nan.

2.0 Auduga da Borsa

Wajajen 1820 wani injiniya Bafaranshe, Louis Alexis Jumel, ya lura da wata auduga mai dogon zare a wani lambu a Alƙahira, Muhammad Ali kuma ya mayar da ita amfanin gona na ƙasa. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa masaƙun Ingila audugar da suka saba samu, sai farashi ya yi tashin gwauron zabi, Masar ta cika da kuɗi da bashi a lokaci guda. A waɗannan shekaru ne cinikin gaba ya kankama a Iskandariyya, wato a ƙulla ciniki yau a kan audugar da za a miƙa bayan watanni. Wannan ya sanya birnin cikin tsofaffin kasuwannin irinsa a duniya, tare da Liverpool da New York.

Kasuwa biyu ce ta tsayu. A Minal Basal ake cinikin auduga ta zahiri, a duba samfuri, a murza zare, a yi ciniki. A ginin Borsa da ke dandalin Muhammad Ali kuwa, takarda ake saye da sayarwa: kwantiragin wata kaza, na iri kaza, kamar Sakellaridis ko Ashmuni. Dillalai Girkawa, Yahudawa, Siriyawa, Italiyawa da Misrawa suna ƙwala farashi, akasari da Faransanci, wayar tangarahu tana kawo labarin Liverpool. Manomin da ke ƙauye bai taɓa taka wannan gini ba, amma lambar da aka rubuta a allonsa ita ce ke yanke masa ko zai aurar da 'yarsa a bana.

3.0 Ciniki a ƙarƙashin yanka

Akwai wani salon ciniki da ya haɗa ƙauye da Borsa, wanda Misrawa ke kira bai'i tahtal ƙaɗ'i. Ma'anarsa ba za ta yi wa Bahaushe wuya ba, domin shi ma cewa yake an yanke farashi. Manomi zai miƙa audugarsa ga ɗan kasuwa, ya karɓi wani kaso na kuɗi, amma a bar farashi a buɗe. Yana da damar ya zaɓi duk ranar da ya so kafin wa'adi ya ce a yanke, sai a yi masa lissafi da farashin kwantiragin gaba na wannan rana a Borsa, da ƙari ko ragi gwargwadon ingancin audugarsa. Cinikin ya yaɗu har aka yi masa doka ta musamman, mai lamba 131 ta shekarar 1939.

A madadin wannan dama ta manomi, ɗan kasuwa yana da haƙƙin tagɗiya, wato rufe kai. Da zarar an ce masa a yanke, sai ya sayar da kwantiragin gaba na daidai wannan adadi a Borsa, a wannan lokaci, a wannan farashi. Daga nan idan auduga ta faɗi, asarar da ya yi a sito riba ce a takarda. Idan ta hau, akasin haka. Ya fita daga caca ke nan, ribarsa ta tsaya a kan gurza da tantancewa da fitarwa waje.

Manomi yana ganin ya riƙe wani abu mai daraja, tun da shi ke da ikon jiran rana mai kyau. Ko nawa ne darajar wannan iko? Amsar tana buƙatar lissafin da bai kai ga kammala ba sai bayan an rufe Borsar.

4.0 Yadda lissafin ya taso

Cinikin zaɓi tsohon abu ne. Joseph de la Vega ya bayyana yadda ake yin sa a Amsterdam a littafinsa na 1688. Wanda ya fara ba shi tushen lissafi shi ne Louis Bachelier, a kundin digirinsa na uku da ya kare a Paris a watan Maris na 1900, Henri Poincaré yana cikin masu jarraba shi. Bachelier ya ɗauki farashi a matsayin abin da ke tafiya ba tare da alƙibla ba, ya kuma nuna cewa faɗin kai-komonsa ba ya ƙaruwa daidai da lokaci: idan lokaci ya ninka huɗu, kai-komo biyu kawai yake ninkawa. A 1908 Vinzenz Bronzin, wani malami a Trieste, tashar da jiragenta ke zirga-zirga zuwa Iskandariyya, ya buga ɗan littafi a kan wannan batu. Ayyukan biyu sun kwanta shekaru da dama ba a waiwaye su ba.

A 1973 Fischer Black da Myron Scholes, da kuma Robert Merton a tasa maƙalar, suka kawo hujjar da ta sauya fagen. Sun ce wanda ya sayar da zaɓi yana iya kare kansa ta hanyar saye da sayar da ita kanta hajar a kai a kai, don haka farashin zaɓi dole ya zo daidai da kuɗin wannan kariya, ba tare da la'akari da hasashen kowa game da inda kasuwa za ta nufa ba. A watan Afrilu na wannan shekara aka buɗe kasuwar cinikin zaɓi ta Chicago. A 1976 Black ya daidaita ƙa'idar da kwantiragin gaba irin na amfanin gona.

Sai dai ƙa'idar tasu tana aiki ne ga zaɓin da ba a iya amfani da shi sai ranar ƙarshe. Wanda ake iya amfani da shi kowace rana kafin wa'adi, wanda ake kira samfurin Amurka, ba shi da amsa a layi ɗaya. Dole a yi ƙididdiga mataki-mataki, kuma cikin shekaru uku hanyoyi uku suka fito. A 1977 Michael Brennan da Eduardo Schwartz suka yanka lokaci da farashi gida-gida kamar raga, suna cike kowane gida daga maƙwabtansa. Dabara ce da injiniyoyi suka daɗe suna amfani da ita wajen lissafin yaɗuwar zafi a ƙarfe, wadda John Crank da Phyllis Nicolson suka inganta a 1947. A shekarar dai, Phelim Boyle ya kawo hanyar Monte Carlo: a sa kwamfuta ta ƙirƙiri dubban hanyoyin da farashi zai iya bi ta hanyar ƙuri'a, a ɗauki matsakaicin sakamako. A 1979 John Cox, Stephen Ross da Mark Rubinstein suka buga hanyar bishiya mai rassa biyu-biyu, bisa wata shawara ta William Sharpe. Ita ce mafi sauƙin bi da alƙalami, don haka da ita za a gwada.

A ƙaddara kantar yana kan 100 a yau, kuma a ƙarshen kaka zai zama ko dai 120 ko 80. A ajiye kuɗin ruwa gefe. Wani ya lamunce wa manomi cewa ba zai sayar ƙasa da 100 ba. Idan farashi ya hau, ba a bin sa komai. Idan ya faɗi, zai biya 20. Mai lamunin ya karɓi 10 a hannu, ya sayar da kwantiragin gaba na rabin kantar. Farashi ya faɗi zuwa 80: ya ci ribar 10 a takarda, ya haɗa da 10 ɗin da ya karɓa, ya biya manomi 20. Farashi ya hau zuwa 120: ya yi asarar 10 a takarda, 10 ɗin da ya karɓa ta goge ta. Ko ta wace fuska ya tashi ba ci ba asara. Farashin zaɓin 10 ne ke nan, kuma babu inda aka tambayi ko hawa ya fi faɗuwa yiwuwa.

Kasuwa ba ta tsalle ɗaya, saboda haka a raba kakar gida huɗu. Bisa ƙa'idar Bachelier, taku huɗu na 10 daidai suke da taku ɗaya na 20. Ƙarshen bishiyar zai ba da 140, 120, 100, 80 da 60, kuma daga cikin hanyoyi 16, ɗaya ce ke kaiwa 140, huɗu 120, shida 100, huɗu 80, ɗaya 60. Mai lamuni zai biya 20 sau huɗu da 40 sau ɗaya, jimla 120. A raba da 16, a sami 7.5. Idan aka yi taku 100 na 2 kowanne, amsar za ta zama kusan 7.96, tana kusantar 7.98 da ƙa'idar Bachelier ke bayarwa. Aikin hanyoyin ƙididdiga ke nan a taƙaice: a ƙara yawan taku har amsa ta daina motsi. Fifikon bishiya shi ne, ana lissafa ta daga ƙarshe zuwa farko, kuma a kowace mararraba ana iya gwama amfani da zaɓi yanzu da jira, a ɗauki mafi girma. Monte Carlo, wadda ke tafiya gaba, ta daɗe tana fama da wannan matsala har Francis Longstaff da Schwartz suka samar da mafita mai sauƙin aiki a 2001.

Yanzu a ɗora cinikin tahtal ƙaɗ'i a kan bishiyar. A mararrabar 100, yankewa yanzu tana ba da 100. Jira yana ba da matsakaicin 110 da 90, shi ma 100. A mararrabar 90, haka. A 110, haka. Babu inda jira ya fi yankewa ko yankewa ta fi jira. Wannan shi ne abin da ka'idar tsayawa ta Joseph Doob ke tabbatarwa: a wasan da babu maguɗi, zaɓen lokacin tashi ba ya ƙara wa ɗan wasa komai. Ikon da manomin ya riƙe, a ma'aunin kasuwa, darajarsa sifiri ce. Abin da ya fi ban takaici shi ne, ya miƙa audugarsa amma ya riƙe haɗarinta. Ba a ce cinikin bai amfane shi da komai ba: ya samu kuɗi a hannu, ya huta da ajiya. Amma abin da ke ba zaɓi daraja shi ne ƙasan da ba a faɗawa ƙarƙashinsa, kuma wannan ciniki ba shi da ƙasa.

5.0 Gwamnati ta shiga kasuwa

Gwamnatocin Masar sun sha ƙoƙarin samar da wannan ƙasa. A shekarun 1920 sun riƙa shiga kasuwa suna saye idan farashi ya faɗi, kuma a faɗuwar 1929 zuwa 1930 suka tara auduga mai yawan gaske da aka daɗe ana neman hanyar rabuwa da ita. Wannan ne ya sa Ahmad Abdul Wahhab na Ma'aikatar Kuɗi ya rubuta takardarsa ta 1930 a kan kafa tsayayyiyar manufar auduga.

Darasin bai zauna ba. A kakar 1949 zuwa 1950 manyan 'yan kasuwa biyu, Muhammad Ahmad Fargali da Ali Yahya, suka mamaye kwantiragin Ashmuni, yaƙin Koriya kuma ya zo ya ƙara wa farashi wuta. Da guguwar ta lafa, gwamnatin Wafd ta yi ƙoƙarin riƙe farashi a sama, aka sanya iyakar da ba a yarda a yi ciniki ƙasa da ita ba. Masu saye na waje suka juya baya, allon Borsa yana nuna lamba, amma babu mai saye a kanta.

A nan ne rigima ta ɓarke tsakanin masu sayarwa da 'yan kasuwa. Mai auduga ya ce a yanke masa a farashin allo; ɗan kasuwa ya ce ba zai iya rufe kansa a farashin da babu mai saye ba. Shari'o'in suka kai Kotun Naƙdi, kotun ƙoli ta ƙasar a irin waɗannan ƙararraki, wadda ta tsaya a kan cewa haƙƙin yankewa yana tafiya ne tare da haƙƙin rufe kai, don haka farashin da za a yanke a kai sai ya zama wanda aka yi ciniki na haƙiƙa a kansa, ba lamba ta suna kawai ba. Alƙalan ba su rubuta lissafi ba, amma sharaɗin da suka gindaya shi ne ginshiƙin misalin da ya gabata: idan mai lamuni bai sami wanda zai sayi rabin kantar ɗin nan ba, lambar 10 ba ta da ma'ana. Duk hanyoyin ƙididdiga uku suna tsaye ne a kan zaton kasuwa a buɗe take kuma farashi yana tafiya taku-taku. Auduga ce ma ta fara tona asirin zato na biyu: a 1963 Benoit Mandelbrot ya nazarci farashin audugar Amurka na shekaru masu yawa, ya nuna cewa manyan tsalle-tsalle sun fi yawa nesa da abin da tsarin Bachelier ya yarda da shi.

An dakatar da cinikin gaba a Iskandariyya a ƙarshen 1952, aka sake buɗewa a 1955, sannan aka rufe baki ɗaya a 1961 lokacin da gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta mayar da cinikin auduga hannun hukuma. Ginin Borsar ya ƙone a tarzomar burodi ta Janairun 1977, shekarar da Boyle da Brennan da Schwartz suka buga maƙalunsu, daga baya aka rushe shi.

6.0 Garantin da ba a yi wa farashi ba

Mai karatu daga ƙasar Hausa ya san wani reshe na wannan tarihi. Hukumomin sayen amfanin gona, daga ta auduga da aka kafa a 1949 zuwa ta Jihar Arewa ta 1954, suna sanar da farashi ɗaya kafin kaka, manomin Funtuwa ko Gusau ya sayar a kai. Wannan ba zaɓi ba ne, domin idan farashin duniya ya hau, hukuma ce ke kwashe rarar. An soke hukumomin a 1986, manomi ya koma ba sama ba ƙasa.

Ta fuskar fiƙihu ma akwai abin lura. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana cinikin zaɓi kamar yadda ake yin sa a kasuwannin kuɗi, bisa hujjar cewa abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba amfani ba ne. A zaman 1993 kuma ta halatta cinikin arbun, wato kafin alƙalamin da mai saye ke rasawa idan ya fasa, wanda Malikiyya suka hana, Hambaliyya suka yarda da shi. Hukuncin ya shafi saye da sayar da zaɓi. Ƙididdige nauyin alkawarin da hukuma ta ɗauka kyauta wani abu ne daban, kuma baitulmali yana buƙatarsa ko da ba a sayar wa kowa komai ba.

Masar ta sassauta cinikin auduga a 1994, ta kuma fara tsarin gwanjo a Fayyum da Bani Suwaif a 2019 kafin ta faɗaɗa shi zuwa sauran larduna. Garantin 2024 ya zauna ne a kan wannan tsari. Tun da manomi yana iya kai audugarsa kowane gwanjo cikin kaka, alkawarin ya fi kama da samfurin Amurka, wanda bishiya ko raga ke iya lissafawa. Bishiyar kuma tana nuna abu biyu da ke kumbura kuɗinsa. Na farko, tsawon lokaci: an sanar tun kafin shuka, watanni da yawa kafin girbi. Na biyu, tsayin ƙasan: idan a misalin taku huɗu aka ɗaga garanti daga 100 zuwa 120, biyan zai zama 20 sau shida, 40 sau huɗu, 60 sau ɗaya, jimla 340, wato 21.25 a kan kowane kantar maimakon 7.5.

Lambar da ta fi wuyar samu ita ce faɗin kai-komon farashi, wato 20 ɗin da aka ƙaddara a misali. A inda ake cinikin zaɓi, ana karanta ta daga farashin kasuwa. Masar ba ta da kasuwar gaba ta auduga tun 1961, saboda haka mai lissafi a Dokki zai aro ta ne daga New York, inda aka koma cinikin zaɓi a kan auduga a 1984 bayan hanin da ya faro daga 1936. Audugar da ake ciniki a can ta Amurka ce mai matsakaicin zare, ba Giza 86 ko Giza 94 ba, kuma da dala ake yi, alhali garantin da fam aka yanke shi, kuɗin da ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa a rana guda a watan Maris na 2024.